Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Haifaffen Maratta: Malamin da Ya Tsare Imanin Talakawa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda samuwarSa ba ta da farko kuma ba ta da ƙarshe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Gausul A'azam Sidi Abdulƙadir Jilani da sauran waliyyanSa.

Bayan haka, duk wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni ya miƙi kwalta ya yi gabas, zai wuce Tsarnawa da Malbaza kafin ya isa Galmi, garin albasa. A wannan yanki ne ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. Yawancin mutane idan aka ambaci Shehu, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne tuta da dawaki da daular Sakkwato. Amma kafin a harba kibiya ko ɗaya, Shehu ya yi shekara talatin yana wani yaƙin da alƙalami da harshe, kuma babban fagen wannan yaƙi shi ne sanin Allah: me ke nuna akwai Shi, yaya bawa zai san Shi, wane ne kuma ke da ikon ya ce imanin wani bai inganta ba. Wannan ɓangare na rayuwarsa ne 'yan uwa suka fi bukata a yau, da tambayoyin masu musun samuwar Allah suke shigowa har ɗakunan kwanan ɗalibai ta wayar hannu.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan Hijira, daidai da 15 ga Disamba 1754. Mahaifinsa Malam Muhammadu ne, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, wato masani a harshen Fulatanci. Mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Zuriyarsu Toronkawa ne, kuma tarihin gidan ya nuna kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni, zuriyarsa suka daɗe a nan kafin su bazu. Shehu yana ƙarami iyayensa suka koma Degel, a nan ya tashi, a nan kuma ya sauke Alƙur'ani a wurin mahaifinsa.

Daga nan ya shiga neman ilimi a wurin malamai, galibinsu danginsa. Ya karanta nahawu a wurin Abdurrahman ɗan Hammada. Ya karanta Muhtasar na Halil a wurin Usmanu Binduri, wanda ya zauna da shi kusan shekara biyu har ya ɗauki ɗabi'unsa na tsantseni da horo da kyakkyawa. Ya ji Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Malamin da ya fi barin tambari a zuciyarsa shi ne Malam Jibrilla ɗan Umaru, wanda ake danganta shi da ƙasar Adar da Agadas. Shehu ya bi shi har Agadas, ya yi kamar shekara guda tare da shi. Da Malam Jibrilla ya yi niyyar wucewa Makka, sai Shehu ya juyo gida, saboda bai samu izinin mahaifinsa na yin wannan doguwar tafiya ba.

Yana da shekara ashirin, a 1188 (1774), ya fara wa'azi a Degel. Ya je Kabi, ya kuma yi kusan shekara biyar a ƙasar Zamfara, ƙaninsa Abdullahi yana tare da shi. Yana karantar da manyan ɗalibai da Larabci, yana yi wa jama'a bayani da Fulatanci da Hausa, yana kuma tsara waƙoƙi don makiyayi da manomi su riƙe abin da suka ji. Mata suna halartar majalisinsa a gefensu, har wasu malamai suka soke shi a kan haka, bai fasa ba. A littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da 'ya'yan wasu, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci.

Cuta biyu da ya tarar

Shehu ya tarar da al'ummarsa tsakanin cuta biyu. Ta farko sakaci. Akwai masu kalmar shahada da salla, amma suna yanka ga itatuwa da duwatsu, suna dogara da bokaye da masu duba, ba su san abin da ya wajaba su ƙudurce game da Ubangijinsu ba. Wannan kowa ya san Shehu ya yaƙe ta.

Ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa ba, kuma daga cikin almajirai ta fito. A wancan zamani babban littafin tauhidi a ƙasashen nan shi ne Ummul Barahina, ƙaramar aƙidar Imamu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafi ne mai albarka, ya tsara siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da kishiyoyinsu da suka koru gare Shi, da abin da ya halatta a haƙƙinSa, kowace siffa da hujjarta ta hankali. Fulani suna da sharhinsa da suke haddacewa da harshensu, wanda suke kira kabbe. Sai wasu ɗalibai suka mayar da wannan karatu abin auna imanin mutane. A wurinsu duk wanda bai iya jero siffofin da hujjojinsu yadda malaman ilimin kalami suka tsara ba, to bai san Allah ba, wanda bai san Allah ba kuwa kafiri ne. Da wannan ma'auni manomi da makiyayi da tsohuwar da ta tsufa tana salla duk sun fita daga Musulunci.

Wannan fitina ta taɓa ɓulla a wani wurin. Malamin Maroko Alhasan Alyusi, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin wasu ɗalibai a Sijilmasa da suka riƙa tsare mutane suna yi musu jarrabawar tauhidi, har suka yaɗa cewa ba a cin yankan jahilai kuma ba a aure da su. Shehu ya san wannan labari, ya kuma ga irinsa da idonsa. Ya ga mutanen da ke son Allah da ManzonSa an jefa musu shakka a zuci, an tsorata su da addininsu. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya wallafa littattafai sama da hamsin don rushe ruɗanin waɗannan mutane. Daga cikin rubuce-rubucensa a wannan fage akwai Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, da Hisnul Afhami, da Mi'irajul Awami, da wani ɗan littafi da sunansa kaɗai ya isa darasi, domin yana faɗakar da ɗalibai ne cewa ana sanin Allah da fiɗira, wato halittar asali da aka ƙagi ɗan Adam a kanta.

Matsayin da ya tsaya a kai

Shehu ya nuna cewa sanin akwai Mahalicci abu ne da aka dasa a zuciyar mutum tun asali. Makiyayin da ya ɗaga kai ya dubi taurari, ko manomin da ya binne ƙwayar gero ya ga ta fito da zangarniya, yana da hujjarsa a dunƙule ko da bai iya warware ta da kalmomin malamai ba. Rashin iya bayani daban, rashin sani daban. Ya kuma nuna cewa hukuncin duniya a kan zahiri yake: wanda ya furta shahada, bai zo da abin da ke warware ta ba a magana ko a aiki, Musulmi ne, abin da ke cikin zuciyarsa kuwa na Allah ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye ba tare da ya yi musu jarrabawar ilimin kalami ba, sahabbai ma haka suka yi a ƙasashen da suka buɗe.

A kan wannan ƙa'ida ce ya saɓa wa malaminsa da yake matuƙar ƙauna. Malam Jibrilla ya tsananta har ya kafirta mutane saboda wasu manyan zunubai. Shehu ya yi rubutu ya bayyana cewa Ahlus Sunna ba sa kafirta Musulmi da zunubi, ya kuma nema wa malaminsa uzuri da cewa tsananin kishin addini ne ya kai shi ga haka. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina yabonsa da ambaton falalarsa a kansa ba. A nan akwai darasi ga muridi: ana iya riƙe gaskiya a riƙe ladabi a lokaci guda.

Duk da haka Shehu bai ce a jefar da hujja ba. Shi da kansa ya rubuta gajerun littattafai na usuluddini, inda yake kawo kowace siffa ta Allah da dalilinta a taƙaice, daga Alƙur'ani da Sunna da kuma hankali, yadda mai ƙaramin karatu zai fahimta. Zurfafa cikin ilimin kalami kuwa ya ɗauke shi farilla ta kifaya: dole a samu malamai a cikin al'umma da suka ƙware a kansa don su warware shubuha idan ta taso, amma ba a ɗora wa kowa ba. A nan sawun Imamu Gazali ya bi, wanda ya kamanta wannan ilimi da magani. Mai ciwo ake ba magani, gwargwadon ciwonsa, mai lafiya kuwa abinci yake bukata.

Yadda hujjar take, da tambayoyi masu wuya

Hujjar da Shehu ya gada daga malaman Ash'ariyya ya kuma karantar, ga yadda take a sauƙaƙe. Duk abin da ake gani a duniya yana sauyawa: mai motsi yana tsayawa, tsayayye yana motsawa, ɗanye yana bushewa, yaro yana tsufa. Abin da ba ya rabuwa da sauyi fararre ne, wato da can babu shi sannan ya samu. Abin da babu shi kuwa ba ya iya samar da kansa, domin kafin ya yi aiki sai ya kasance akwai shi tukuna. Wanda ya ga buhun siminti a kasuwa ya san akwai masana'anta a Malbaza ko wani wuri, ko bai taɓa taka ƙafarsa can ba. To duniya da tsarinta ta fi buhun siminti bukatar wanda ya yi ta.

Daga nan mai musu yakan jefo tambayarsa: to shi Allah wa ya halicce Shi? Malaman wannan fanni sun amsa ta tun ƙarnoni da suka wuce. A da, kafin ashana ta wadata, mace takan shiga maƙwabta ta ɗebo wuta. Idan aka ce kowane gida a gari daga wani gidan ya ɗebo tasa wutar, babu gida ko ɗaya da aka ƙyasta ta, to da hayaƙi bai tashi a garin ba sam. Tunda ga hayaƙi yana tashi, lalle akwai inda wutar ta faro ba da aro ba. Haka samuwa take. Da Mahalicci Shi ma fararre ne da Ya bukaci wani, wancan ma ya bukaci wani, ba iyaka, da kuwa ba a samu komai ba. Wannan shi malamai ke kira tasalsuli, kuma hankali ya kore shi. Dole a tuƙe ga Wanda samuwarSa tasa ce, bai karɓo ta daga kowa ba. Tambayar wa ya yi shi, ana yin ta ne a kan abin da aka fara, Allah kuwa ba a fara Shi ba.

Wani zai ce ai kimiyya ta bayyana yadda ruwan sama ke sauka da yadda jariri ke girma a ciki, saura me ya rage wa Allah? Makarantar Sanusi ta raba hukunci kashi uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne abin da aka sani ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi. Duk binciken kimiyya a wannan kashi yake, kuma abin yabo ne, domin karanta tsarin da Allah Ya gudanar da halittarSa a kai ne. Sai dai sanin yadda tsari ke tafiya bai amsa dalilin da ya sa aka samu tsarin ba, da kuma dalilin da ya sa ya zo a haka alhali yana iya zuwa a wata sura. Wanda ya gano yadda injin ban-ruwa ke aiki a gonar albasa bai tabbatar da cewa babu maƙerinsa ba.

Sai tambayar ƙaddara: idan Allah Ya riga Ya rubuta komai, me ya sa za a kama bawa da laifi? Amsar Ahlus Sunna ita ce Allah ne Mahaliccin komai, amma bawa yana da kasabi, wato zaɓi da nufin da yake ji a ransa, kuma a kan wannan ake yi masa hisabi. Kowa ya san bambancin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da aka miƙa aka ɗauki kayan wani. Sanin Allah ya kewaye abin da bawa zai zaɓa, bawa kuwa bai ga abin da aka rubuta masa ba balle ya ce shi ya tilasta shi. Shi ya sa mai kafa hujja da ƙaddara kan laifinsa ba ya karɓar wannan hujja daga ɓarawon da ya shiga gidansa.

Waɗannan tambayoyi ba Musulmi kaɗai ake jefa wa su ba. Kiristoci ma, irin maƙwabtan da ke aiki a asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, su ma ana tambayarsu ina Allah yake lokacin da yaro ke mutuwa a hannun uwarsa. Babban malaminsu na ƙasar Italiya, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Allah, kuma a littattafansa yana ambaton Ibnu Sina da Gazali da Ibnu Rushdi. A 1979 wani masanin falsafa Kirista ɗan Amurka, William Lane Craig, ya fitar da littafi a kan hujjar faruwar duniya, ya kira ta da sunan kalami, ya kuma jingina ta ga malaman Musulunci irin su Gazali. Da ita yake muhawara da masu musun Allah a jami'o'in Turai da Amurka. Saɓanin Musulmi da Kirista a kan kaɗaitakar Allah da matsayin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana nan a fili. Amma ya kamata ɗan ɗariƙa ya sani cewa hujjar da wasu ke ɗauka sabuwa ce daga Turai, irinta ake karantarwa a zaurukan Degel shekara ɗari biyu da suka wuce.

Daga hujja zuwa ɗanɗano

Shehu bai tsaya a hujjar hankali ba, domin hujja tana rufe bakin mai musu ne, natsuwar zuciya kuwa sai da zikiri da mujahada. Imamu Gazali ya riga shi bin wannan hanya. Shakka ta taɓa kama shi har ya rasa amincewa da abin da idonsa ke gani, daga baya kuma ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya shiga halwa da yawo na shekaru, ya dawo yana shaida cewa yaƙinin da ya nema a wurin sufaye ya same shi.

Shehu Baƙadire ne, ya karɓi wuridi da silsila, ya rubuta littattafai a kan salsalar ɗariƙa da darajojin Sidi Abdulƙadir. Ya ba da labari da kansa cewa yana da shekara 36 Allah Ya yaye masa hijabi, ganinsa da jinsa da sauran gaɓoɓinsa suka ƙara kaifi. Da ya kai shekara 40 da wata biyar da 'yan kwanaki, wajen 1794, aka halarto da shi gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tare da sahabbai da waliyyai, Sidi Abdulƙadir ya tufatar da shi, ya naɗa masa rawani, ya rataya masa takobin gaskiya. Abin lura shi ne wanda ya sami wannan buɗi shi ne dai mai zama ya koya wa makiyayi farillan alwala. Kashafi bai sa ya raina hujja ba, hujja kuma ba ta sa ya musa kashafi ba.

Lokacin da tambaya ta zama jarrabawa

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta wahala: idan Allah Mai rahama ne, me ya sa bayinSa na gari ke shan azaba, azzalumai suna walwala? Wannan Shehu da rayuwarsa ya amsa ta.

Tun farko imaninsa da ƙaddara bai sa ya naɗe hannu a gaban zalunci ba. Wajen 1788, a filin Idin babbar salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Mai cewa addini yana koya wa talaka ya haƙura da zalunci ne kawai, sai ya dubi wannan rana.

Bayan Bawa abubuwa suka sauya. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, ya hana rawani da lulluɓi. Zamanin Yunfa aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami hari a Gimbana aka kama mutane. A ranar 21 ga Fabrairu 1804 Shehu ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu, inda jama'a suka yi masa mubaya'a. A watannin farko aka ci Matankari da Ƙonni, a watan Yuni kuma aka yi nasara a Tabkin Kwatto. Amma kafin shekarar ta ƙare sai ga Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a suka yi asarar mutum kusan 2,000, daga cikinsu kusan 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Yunwa da cuta suka biyo baya. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare ɗaliban Shehu ne da danginsa da abokansa, mutanen da ya yi shekaru yana renonsu harafi bayan harafi.

Akwai kuma jarrabawar da ta fi ta takobi ciwo. Da nasara ta fara zuwa, wasu daga cikin jama'a suka karkata ga ganima da mulki. Abin ya dami Malam Abdullahi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Shehu ya ga duk wannan. Bai ce alkawarin Allah ya tashi ba, bai kuma rufe ido ga laifin mutanensa ba. Ya ci gaba da rubutu yana gargaɗin masu mulki, a Kitabul Farƙi ya jera halayen mulkin zalunci don kada a koma musu.

Abin da ya riƙe shi shi ne abin da ya karantar tun a Degel. Duniya gidan jarrabawa ce, annabawa ne suka fi kowa shan ta, sannan waɗanda ke bi musu. Allah Mai mulki ne a cikin abin da Ya mallaka, babu wanda ke wajabta maSa wani abu, kuma ayyukanSa ba sa rasa hikima ko bawa ya gan ta ko bai gan ta ba. Lissafi kuma ba a nan yake ƙarewa ba, akwai ranar da za a mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya cire Allah da Lahira daga lissafinsa bai rage wa maraya ko ɗigon hawaye ba, ya dai ɗauke masa fatan samun adalci, azzalumin da ya mutu a kan gadonsa kuma ya tafi ke nan ba mai tambayarsa.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu bai zauna a gadon mulki ba. Ya raba al'amuran ƙasa tsakanin Abdullahi da Bello, ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa da rubutu. A 1815 ya koma Sakkwato, a nan Allah Ya karɓi ransa ranar 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. Hubbarensa yana nan ana ziyara. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu har 1864, ta ɗauki aikin karantar da mata ta hanyar 'yan taru, tana aika jajis ƙauyuka da waƙoƙin tauhidi da fiƙihu, don tsohuwar karkara ma ta san Ubangijinta da harshen da take ji.

Abin da ya bar wa 'yan uwa

A yau yaro yakan tashi a gidan zikiri a Ƙonni ko Illela ko Dogarawa, ya tafi jami'a a Tawa ko Yamai ko Sakkwato, wata rana ya ci karo da bidiyo ko rubutu a Facebook da ke cewa babu Allah, addini ƙirƙirar mutane ne. Tambayar ta kwana a ransa, ya rasa wanda zai faɗa wa. Idan ya yi ƙarfin hali ya furta a gida ko a zawiya, sau da yawa abin da ke biyowa baya tsawa ce da zargin ya lalace. Daga nan sai ya yi shiru, ya koma wurin waɗanda suka jefa masa shakkar, domin su ne kaɗai ke sauraronsa. Da yawa ta haka ake rasa su.

Tafarkin Shehu ya hana wannan. Mutumin da ya rubuta littafi sama da hamsin don kada a fitar da manomi daga Musulunci saboda ya kasa amsa tambaya, ba zai yarda a kori ɗalibi saboda ya yi tambaya ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kan munanan tunani da ke ɗarsuwa a zukatansu waɗanda suke jin nauyin furtawa, sai ya yi musu bushara cewa wannan ƙyamar da suke ji alamar tsantsar imani ce. Saboda haka a rarrabe. Mai waswasi, wanda tunanin ke zo masa yana ƙinsa, maganinsa neman tsari da yawan zikiri da barin bibiyar tunanin. Mai shubuha, wanda wata hujja ta tsaya masa a wuya, maganinsa a zaunar da shi a warware masa ita da ilimi, cikin natsuwa, ba tare da an kunyata shi ba. Muƙaddamin da bai ƙware a fannin ba, ya kai shi wurin wanda ya ƙware, wannan ba kasawa ba ce.

Wannan kuwa yana nufin farillar kifayar da Shehu ya ambata tana kan wuyan zawiyoyi a yau. Ya kamata a samu a cikin 'yan uwa waɗanda suka karanta Ummul Barahina da littattafan Shehu na usuluddini da fahimta, suka kuma san abin da masu musun zamani ke faɗa da harshen da suke faɗarsa, don idan yaro ya zo da tambayarsa ya tarar da mai amsa masa a gida. Ɗalibin da ya iya hujja kuma ya kiyayi cutar ɗaliban zamanin Shehu, kada ya koma ƙauye yana auna imanin kakarsa da abin da ya karanta jiya. Ta yiwu ita da carbinta ta riga shi isa inda hujjar ke son kai shi.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da malamansu da jama'arsu. Allah Ya tabbatar da zukatanmu da na 'ya'yanmu a kan saninSa, Ya shiryi wanda ya ruɗe, Ya ba mu albarkacin Sidi Abdulƙadir, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.